Kaɗaicin matasa: wace takardar tambayoyi za mu yi amfani da ita?

Malama Rabi:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar malamai da iyayen da ke wannan zaure. An ɗora min shirya takardar tambayoyi ga ɗalibanmu 'yan shekara 13 zuwa 17, don a san yawan waɗanda kaɗaici ke damu. Guda biyu na samo. Ta farko gajeriya ce, tambaya 3 kacal: ko yaro yakan ji ba shi da abokin hulɗa, ko yakan ji an ware shi, ko yakan ji ya yi nesa da mutane. Ta biyu doguwa ce, tambaya 48, ta ware zaman yaro da iyayensa daban, zamansa da abokai daban. Shugaban makaranta ya fi son gajeriyar saboda ba ta cin lokacin darasi. Ni kuma hankalina bai kwanta da ita ba. Wacce za ku ɗauka?

Abu Yasir:
Wa alaikumus salam Malama. A yi min afuwa, amma wai kaɗaici abin aunawa ne? Yaro yau ya saɓa da abokinsa, zai cika miki takarda da baƙin ciki, gobe ki gan su tare suna ƙyaƙyata dariya. Me kika auna kenan? Yanayin ranar kawai.

Dakta Bintu:
Abu Yasir, tambayarka a kan hanya take, kuma masu bincike sun daɗe suna fama da ita. Abin da aka fi yarda da shi tun 1981, daga Daniel Perlman da Letitia Peplau, shi ne cewa kaɗaici giɓi ne tsakanin irin dangantakar da mutum yake so da wadda yake da ita a zahiri. Shi ya sa ƙirga abokai ba ya ba da amsa. Wani abokinsa ɗaya ne kuma ya wadatu, wani yana tsakiyar mutum goma amma ba shi da wanda zai buɗe wa cikinsa. Tunda a zuciya abin yake, babu hanya sai a tambayi mai zuciyar.

Batun yanayin rana kuwa, shi ya sa ba a cewa "yaya kake ji yanzu", sai a ce "sau nawa kakan ji". Kuma an gwada: a ba mutane takarda ɗaya, a sake ba su bayan watanni, makin yawancinsu bai cika yin nisa da na farko ba. Ba cikakken awo ba ne, amma ya wuce shaci-faɗi.

Malama Rabi, gajeriyar nan da kika samo, Mary Elizabeth Hughes da John Cacioppo da abokan aikinsu ne suka fitar da ita a 2004. Sun tsamo ta ne daga ma'aunin kaɗaici na jami'ar UCLA ta Amurka mai tambaya 20, wanda ya fara fitowa a 1978, aka gyara shi a 1980 da 1996. Abin lura, don dattawan Amurka aka yi ta, a binciken da ake yi musu ta wayar tarho. Tana aikinta yadda ya kamata, sai dai ba da matasa a zuci aka tsara ta ba.

Malam Habu (malamin lissafi):
Ni fa ina bayan shugaban makaranta. Duk wanda ya taɓa raba wa yara doguwar takarda ya san abin da ke faruwa. Shafin farko a nutse, na biyu an fara waige-waige, na uku sai ka ga an ja layi ɗaya daga sama har ƙasa, duk amsa iri ɗaya. Na sha ganin yaro ya ɗora takardarsa kusa da ta maƙwabcinsa yana kwafa, kamar jarrabawa ce da za a faɗi. Amsa 3 ta gaskiya ta fi 48 ta gajiya.

Kuma ba a rasa gajeriya ta yara ba. Ofishin ƙididdiga na Birtaniya a 2018 ya sauƙaƙa waɗannan tambayoyi 3 ga 'yan shekara 10 zuwa 15, ya ƙara ta huɗu kai tsaye: sau nawa kake jin kaɗaici? A rahotonsu na shekarar, kashi 11.3 cikin ɗari na yaran sun ce sau da yawa suke ji. Idan kika bi wannan, aƙalla kina da abin da za ki kwatanta sakamakonki da shi.

Ummi:
Malam Habu, da girmamawa, bari in faɗi nawa don ban daɗe da barin shekarun nan ba. A sakandare ni ce mai surutun aji. Ƙawaye kam har sun yi yawa. Da an tambaye ni ko an ware ni, dariya zan yi in ce ko kusa, kuma gaskiya na faɗa, don ƙawayena ne za su zo min a rai. Amma da na koma gida sai in shige ɗaki. Ba faɗa ake yi ba, ba a kuma rage ni da komai ba. Kawai dai maganar ba ta wuce "kin yi aikin makaranta?" da "kashe fitilar nan". Na taɓa tsayawa a bakin ƙofar mahaifiyata da wata magana mai nauyi a bakina, ta ɗago ta ce "mene ne?", na ce "ba komai, caja nake nema". A gajeriyar takardar nan, ni lafiya lau zan fito.

Malama Rabi:
Ummi, abin da na kasa faɗa wa shugabanmu kenan. Na gode ƙanwata.

Dakta Bintu:
Labarin Ummi shi ne ainihin dalilin da ya sa aka yi doguwar. Alfons Marcoen da Luc Goossens da Paul Caes ne suka fitar da ita a 1987 a jami'ar Leuven ta ƙasar Beljiyam, don yara da matasa. Kashi huɗu ce, kowane kashi tambaya 12: kaɗaici a dangantaka da iyaye, kaɗaici a cikin tsararraki, ƙin zama shi kaɗai, da son zama shi kaɗai.

Abin da aka gano da ita ya fi komai muhimmanci a wannan muhawarar. Makin iyaye da makin abokai ba su cika tafiya tare ba. Alaƙarsu 'yar kaɗan ce. Wato sanin ɗaya ba ya gaya maka ɗayan. Kuma da shekaru suke ja, sukan raba hanya: na ɓangaren iyaye yakan ɗan ƙaru yayin da yaro ke girma, na ɓangaren abokai yakan ragu. Idan ka haɗa su wuri ɗaya, hawan wannan da saukar wancan sai su shafe juna, ka ce babu abin da ya canza, alhali abubuwa biyu ne suka canza.

Akwai binciken Reed Larson da abokan aikinsa na 1996 a kewayen birnin Shikago na Amurka da ke haskaka wannan. Sun ba yara 'yar na'ura mai ƙara, duk sanda ta yi ƙara sai yaro ya rubuta inda yake da wanda yake tare da shi. Lokacin da yara ke yi da iyalinsu ya sauko daga kashi 35 cikin ɗari na sa'o'in da suke a farke, a wajen shekara 10, zuwa kashi 14 a ƙarshen sakandare. Iyalan wuri ɗaya ne a zamani ɗaya, kada a ɗora adadin a kan kowa. Amma ja da baya daga gida a wannan shekarun ba baƙon abu ba ne, kuma ma'aunin da bai kalli gida ba ya bar rabin labarin.

Tun 1973 ma Robert Weiss ya raba kaɗaici gida biyu: na rashin mutum ɗaya na kusa da zuciya, da na rashin jama'ar da mutum zai ji yana cikinta. Ya kuma ce ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya.

Hajiya Maman 'Yan Biyu:
Ku tsaya tukuna. Wato za a zaunar da ɗana a aji a tambaye shi ko iyayensa suna kula da shi? Sannan wa zai karanta? Ni ban ƙi bincike ba, amma yaro ɗan 14 da aka karɓe wa waya jiya, me kuke tsammanin zai rubuta a kaina? Kuma me ya hana a tambaye mu mu iyayen? Mu muka haife su, mun san halinsu.

Ummi:
Hajiya, Allah ya huci zuciyarki, amma da an tambayi mahaifiyata a lokacin, cewa za ta yi 'yata ba ta da wata damuwa. Kuma ba ƙarya za ta yi ba, iya abin da na nuna mata kenan.

Dakta Bintu:
Hajiya, ba tuhumar iyaye ake yi ba. Tambayoyin a kan yadda yaron yake ji ne, ba a kan ko an tauye masa haƙƙi ba. Uwa za ta iya yin duk abin da ya dace, yaro kuma ya ji ba a fahimce shi ba. Duka biyun gaskiya ne. Batun tambayar iyaye kuwa, an sha kwatanta amsar iyaye da ta 'ya'yansu a kan abubuwan da ke ɓoye a zuci, irin su damuwa da fargaba, dacewar ba ta da yawa. A kan abin da ido ke gani, kamar faɗa ko rashin ji, an fi samun dacewa. Kaɗaici yana cikin na ɓoye.

Inda nake tare da ke ɗari bisa ɗari shi ne izini. Dole a sanar da iyaye, su ga irin tambayoyin, su amince. Yaron ma a gaya masa yana da damar ƙin amsawa ba tare da wani hukunci ba.

Abu Yasir:
To ga wata kuma. Da suna za a cika ko ba suna? Idan da suna, babu yaron da zai faɗi gaskiya. Idan ba suna, kin gano akwai yara 20 da ke cikin ƙunci amma ba ki san ko su waye ba. Amfanin me?

Malam Habu (malamin lissafi):
Wannan ita ce tambayar da ta fi duk wadda aka yi yau. Malama Rabi, sai kin fara yanke abin da kike nema. Idan hoton makarantar gaba ɗaya kike so, wane aji ya fi, maza ko mata, gida ko abokai, to ba suna, kuma za ki fi samun gaskiya. Idan kuma so kike ki zaƙulo yaran da za a taimaka wa, wannan wani aiki ne daban, kuma kada ki fara shi sai kin tanadi wanda zai zauna da su. Ka tambayi yaro abin da ke cin ransa, ya faɗa, sannan shiru ya biyo baya, gara ma ba a tambaya ba.

Malama Rabi:
Hoton makarantar nake so da farko. Amma na yi tunanin a ƙarshen takardar a raba wata 'yar ƙaramar takarda daban, wanda yake son magana da ni ya rubuta sunansa ya jefa a akwati. Kowa zai jefa, ko da babu rubutu, don kada a gane wanda ya rubuta.

Hajiya Maman 'Yan Biyu:
Wannan dabarar ta yi. Da haka zan sa hannu.

Malam Isiyaku:
Ni duk wannan dogon turancin ban ga amfaninsa ba. Waya ce matsalar, kowa ya sani. Akwai binciken Jean Twenge na 2021 da ya duba bayanan PISA, jarrabawar ƙasa da ƙasa da ake yi wa ɗalibai 'yan shekara 15, ya nuna kaɗaici ya ƙaru a ƙasashe 36 cikin 37 tsakanin 2012 da 2018. Daidai lokacin da wayar zamani ta shiga hannun kowane yaro. A karɓe wayoyi, magana ta ƙare.

Malam Habu (malamin lissafi):
Adadin da ka kawo daidai ne Malam Isiyaku, amma duba abin da aka auna. Tambayoyin PISA a kan zama a makaranta ne: ko yaro yana jin shi bare ne a makaranta, ko yana yin abokai cikin sauƙi a can, ko yana jin kaɗaici a can. Ba ta ce komai a kan gida ba. Sannan abu biyu su tashi a lokaci ɗaya bai tabbatar da ɗaya ne ya haifi ɗaya ba. Mai yiwuwa wayar ce, mai yiwuwa kuma yaron da ya rasa abokin hira ne yake komawa ga wayar. Masana har yanzu suna ja-in-ja a kai.

Kuma ka ga yadda adadi ke rawa idan tambaya ta canza. Binciken da BBC ta yi a 2018, mutum kusan 55,000 suka amsa, kashi 40 cikin ɗari na 'yan 16 zuwa 24 suka ce suna yawan jin kaɗaici. Amma da kansu suka je intanet suka cika, kuma wanda abu ya dama shi ya fi zuwa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2025 kuma ya ce kusan ɗaya cikin biyar na 'yan 13 zuwa 17. Na Birtaniya da na kawo ɗazu kashi 11. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Shekaru daban, tambaya daban, hanyar zaɓen mutane daban.

Mai kula da zaure:
'Yan uwa, maganar waya a buɗe mata nata zaren, don in ta shigo nan ba za mu fita ba. A koma kan tambayar Malama Rabi.

Malama Rabi:
Na gode. Wani abu kuma: wata abokiyar aikina ta ce ba sai an wahala ba, mu malamai mun san yaran da ke kaɗaice, su ne masu zama a lungu lokacin hutun tara.

Dakta Bintu:
Nan ne malamai suka fi yin tuntuɓe. Ido yana ganin wanda yake zaune shi kaɗai, ba ya ganin abin da yake ji. Akwai yaron da yake zama da littafinsa don hakan yake so, ya gama ya tashi da nishaɗi. Akwai kuma wanda ya buɗe littafin ne don kada a ga ba shi da wurin zuwa, shafi ɗaya yake kallo har a buga ƙararrawa. Daga nesa kamarsu ɗaya. Kashi biyu na ƙarshe a ma'aunin Leuven don raba waɗannan aka sa su. Larson ɗin nan ma ya gano a 1997 cewa matasan da ke ɗan keɓewa daidai gwargwado sun fi natsuwa a kan waɗanda ba su cika keɓewa ba da waɗanda keɓewarsu ta yi yawa. Don haka ba duk keɓewa ce cuta ba.

Kuma ko a cikin abokan ma abu biyu ne: karɓuwa a cikin taro, da samun aboki ɗaya na amana. Jeffrey Parker da Steven Asher sun nuna a 1993 cewa yaron da aji bai cika so ba, idan yana da amini ɗaya, kaɗaicinsa bai kai na wanda ba shi da kowa ba.

Abu Yasir:
Yara maza fa? Ni na san ɗana, ko wuƙa aka sa masa ba zai rubuta wai yana jin kaɗaici ba. Zai ga kamar ya zubar da girmansa.

Dakta Bintu:
An lura da haka tun shekarun 1980. Idan aka yi tambayar kai tsaye, mata sun fi amsa e. Idan aka zagaya, ba a ambaci kalmar "kaɗaici" ba, bambancin yakan kusan ɓacewa. Shi ya sa ma'aunin UCLA bai ambaci kalmar ko sau ɗaya ba a cikin tambayoyinsa 20. Wani babban nazari da Marlies Maes ta jagoranta a 2019, wanda ya tattara bincike masu ɗimbin yawa, ya nuna bambancin maza da mata ɗan ƙanƙane ne ƙwarai. Asher kuma, a ma'auninsa na yara na 1984, tambaya 24 ya sa amma 16 ne kawai ake ba maki. Sauran 8 a kan wasanni da abubuwan sha'awa ne, don yaro ya saki jiki.

Malam Habu (malamin lissafi):
To Dakta, mu yi sulhu. A ɗauki kashin iyaye 12 da kashin abokai 12, ya zama 24, a ƙara tambaya ɗaya ta kai tsaye a ƙarshe. Minti goma zuwa sha biyar ya isa. Kashi biyun keɓewa a bar su sai wani zagaye. Har yanzu ina ganin yara za su gaji, amma 24 ba 48 ba ce.

Dakta Bintu:
Na yarda, da sharaɗi. A ɗauki kowane kashi cikakke, kada a tsinci tambaya huɗu nan biyar can don sun fi daɗi, in an yi haka ba a san me ake aunawa ba kuma. Kada kuma a haɗa makin biyu ya zama ɗaya. Sannan babu wani layi da za a ja a ce daga nan yaro "mai kaɗaici" ne. A gajeriyar nan mai maki 3 zuwa 9, wasu masu bincike sukan ɗauki 6 zuwa sama, amma al'adar aiki ce kawai, ba gwajin asibiti ba ne. Kada a liƙa wa yaro suna da shi.

Ummi:
Tambaya ɗaya Dakta. Wanda ba a hannun iyayensa yake ba fa? Ko maraya? Ko wanda yayarsa ce abokiyar sirrinsa? Kashin nan iyaye kawai yake ambata.

Dakta Bintu:
Wannan raunin ma'aunin ne na gaske. Iyaye yake tambaya, ba iyali ba, 'yan uwa da kakanni ba sa ciki. Akwai na Enrico DiTommaso da Barry Spinner na 1993 da ke da kashin iyali gaba ɗaya, amma don manya aka yi shi. Abin da zan ba da shawara, a rubuta a saman shafin cewa "iyaye" na nufin duk wanda yake riƙon yaro, a kuma sa tambaya ɗaya a farko: da wa kake zaune? Malama, kafin ki raba wa kowa, ki zauna da yara kaɗan daga aji daban-daban, su karanta kowace tambaya su faɗa miki da bakinsu abin da suka fahimta. A nan za ki kama tambayar da ba ta shiga ba.

Abu Yasir:
Ni dai har yanzu ina ganin uban da ya zauna da ɗansa rabin awa zai san abin da takarda 24 ba za ta gaya masa ba. Amma malama ɗaya da ɗaruruwan yara, na gane ba za ta iya haka ba. Idan sakamako ya fito a nuna mana mu ma, musamman na ɓangaren gida.

Malama Rabi:
In sha Allah, amma na makarantar gaba ɗaya, ba na ɗan kowa ba. Zan kai wa shugaba tsarin 24 ɗin da akwatin suna. Malam Habu, za ka taimaka min da lissafin?

Malam Habu (malamin lissafi):
Turo min idan kin tattara. Abu ɗaya ki kula da shi tun yanzu: wasu tambayoyin, musamman a kashin iyaye, a juye aka rubuta su, wato amsa "sau da yawa" alama ce ta kusanci, ba ta kaɗaici ba. Ki yi musu alama a takardarki kafin a shigar da komai cikin kwamfuta, don sai an juya makinsu kafin a tara. Kuma a raba kujeru ranar cikawa, malamin aji ya fita waje.